Kwamfutar wasa: a fara lissafi daga wutar NIGELEC, ba daga bidiyon YouTube ba

Akwai tambayar da ke yawan dawowa a zaurukan WhatsApp na samarin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: "Ina da jika 400, wace kwamfutar wasa zan haɗa?" Kafin a ce kwabo amsoshi sun cika wuri. Wannan ya turo bidiyon wani Ba'amurke, wancan ya turo jerin kayan da wani Bafaranshe ya saya a LDLC, na uku ya ce in dai ba RTX ba ce to ɓarnar kuɗi ce. Da wuya a samu wanda zai tambayi yaron a wace unguwa yake, awa nawa suke ganin wuta a rana, kuma rufin ɗakinsa na kwano ne ko na siminti. Alhali a ƙasar nan waɗannan tambayoyin ne ke nuna ko injin zai shekara biyar ko zai mutu kafin damina.

Wani zai ce me ya kai jarida sharhi kan wasan yara ana fama da tsadar abinci da matsalar tsaro. Kuɗin ne ya kai mu. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar jika 42 ne a wata, ke nan jika 400 ta kusa albashin wata goma. Kuma sau da yawa ba daga aljihun mai wasan suke fitowa ba. Wani wa ne ke aikin gini a Aljeriya ko Libiya, ko yana tura baro a Abijan, ko yana wankin kwanoni a Faransa, ya ƙuntata wa kansa ya aiko ta Nita ko Amana don ƙanensa ya samu abin da shi bai samu ba. Ban da haka, injin da ke ɗaukar EA Sports FC da GTA V shi ne dai ke ɗaukar haɗa bidiyon biki, zanen gida da AutoCAD, gyaran hoto da koyon rubuta manhaja. In an saya da hankali, kayan wasa ne da dare, kayan sana'a da rana. In an saya da kwaikwayo, gumin wani ne ya tafi a banza.

Ra'ayinmu shi ne kuɗin farko da za a ware ba na katin hoto ba ne, na wuta ne.

Masu karatu ba su manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa. Sai bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024 aka maido ta. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai zafi, amma Maraɗi da Damagaram na rataye ne a layin da ya taso daga Katsina, dam ɗin Kandaji kuwa har yanzu jira ake. Kowa ya san yadda watannin Afrilu da Mayu suke. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ɗaukewar wutar ba ita ce ta fi kashe kaya ba. Dawowarta ce da ƙarfi, da kuma lokutan da take zuwa a raunane, ƙwai na ja kamar garwashi, fanka na juyawa da kyar. A irin wannan hali akwatin wutar kwamfuta, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo, yana jan kuran fiye da ƙima don ya cike giɓi, yana zafi, in kuwa mai arha ne sai ya fashe, wani lokaci ya tafi da uwar allo da katin hoto a tare.

Don haka na'urar daidaita wuta, regilater, da na'urar riƙe wuta, ondiler, ba kayan ƙawa ba ne da za a saya "in kuɗi sun ragu". A nan ma akwai tarko. Lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali VA ce, ba wat ba. Ondiler mai 650 VA abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Kwamfuta matsakaiciya, misali Ryzen 5 5600 da katin RX 6600, tana jan tsakanin wat 250 da 300 in wasa ya yi zafi, har da allo. Za ta shiga, amma da kyar, kuma batirin ba zai riƙe ta fiye da ƴan mintoci ba. Gara a nemi mai 1000 VA ko sama. A kuma fahimci aikinsa: ya ba ka damar ajiye abin da kake yi ka kashe inji cikin mutunci, ba ka ƙarasa wasan ƙwallo ba. Batirin cikinsa na darma ne, zafi kuma na cinye shi. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan 25 na rage rayuwarsa da rabi. Wanda ya saya ya sa a ransa zai canza batiri, ya lissafa tun yanzu.

Sai waya ta uku, wadda ake binnewa a ƙasa. Gidajen haya da yawa ba su da ita. Shi ya sa za ka taɓa kwangon kwamfuta ka ji yana cizo, kuma shi ya sa ralonj mai kariya daga tsawa ba ya yin aikinsa yadda ya kamata, domin ba shi da inda zai zubar da wutar da ta yi yawa. Kiran mai aikin lantarki ya kafa ƙarfe a ƙasa ya fi arha nesa ba kusa ba a kan sabuwar uwar allo. In hadari ya haɗu a damina, a zare waya daga bango gaba ɗaya.

Akwatin wutar kansa shi ne wurin da aka fi yin rowa, kuma shi ne wurin da rowa ta fi tsada. Akwai waɗanda ba su da suna, marasa nauyi kamar gwangwanin madara, an manna musu takarda "700W". Ƙarya ce. A nemi sunan da aka sani, irin su Seasonic, Corsair, be quiet! ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja na isa cikin inji maimakon ya zama zafi. Tambarin shaida ce ta tattalin wuta, ba ta hana lalacewa ba, amma rashinsa alama ce mara kyau. Na gaskiya mai wat 550 ko 650 ya ishi duk injin da yawancinmu za mu iya saya. Shi ne kaya ɗaya tilo da ba mu ba da shawarar a saya na hannu ba, sai dai in daga wanda ka sani ne ka kuma san shekarunsa.

Zafi ma lissafi ne mai sauƙi. Masu gwajin da ake kallo a YouTube suna aiki ne a ɗaki mai sanyin digiri 21 ko 22. In suka ce kati ya tsaya a digiri 70, to a ɗakin kwano a Tawa cikin watan Mayu, inda iska ta kai 40, katin nan zai doshi 88. Yawancin katunan Nvidia na rage gudunsu da kansu in sun wuce 83. Ka biya kuɗin doki, zafi ya mayar maka da shi jaki. Kuma duk wat ɗin da inji ya ja, zafi yake zama a cikin ɗakin da kake zaune. Katin RTX 4090 na jan wat 450, RTX 5090 da ya fito a Janairun 2025 kuma 575, farashinsa na farko dala 1,999, sama da miliyan ɗaya na sefa, fiye da ƙaramin albashin shekara biyu. Ko da kyauta aka ba ka shi, sai ka nemi kilim da janareto. Shi ya sa a wurinmu tambayar ba "wane kati ya fi ƙarfi" ba ce kaɗai, har da "wat nawa yake ci". RX 580 na 2017 da ya cika kasuwa yana jan wat 185. RX 6600 na 2021 ya fi shi ƙarfi sosai da wat 132. RTX 4060 na 2023 ya fi su duka da wat 115. Ga mai dogaro da farantan hasken rana da batir, wannan bambanci awa guda ne ko biyu na ƙarin aiki da dare.

Ƙura kuma ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa ganin hunturun Damagaram. Kwango mai gaban gilashi da fitilu masu canza launi yana da kyau a hoto, amma yana shaƙe iska. A zaɓi mai gaban raga da matatar ƙura da ake iya cirewa a wanke, a ɗora shi kan tebur kada a bar shi ƙasa, a hure shi duk wata, a rufe shi da ƙyalle in an kashe. Kuɗin fitilu a sa su a fanka.

To, bayan an ware na wuta, sai a zo kan kaya. Farawa ake daga wasan da za a buga da allon da za a kalla, ba daga sunan kaya ba. Mafi yawan abin da samarinmu ke bugawa, wato eFootball, EA Sports FC, GTA V, Fortnite, Valorant, ba sa neman dodon inji. A allon 1080p, kati mai giga 8 ya wadatar. Wanda allonsa ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, in ya sayi katin da ke fitar da hoto 200, ya biya kuɗin abin da idonsa ba zai gani ba.

In da za a tambaye mu rabon jika 400, za mu ce a cire wajen 60 na regilater da ondiler, wajen 40 na akwatin wuta, a ba katin hoto kusan kashi ɗaya cikin uku, furosesa da uwar allo da RAM su raba wajen 110, abin da ya rage ya tafi ga SSD da kwango, a kuma bar wani abu a aljihu na kuɗin mota, duwan da abin da ba a zata ba. Mai karatu zai lura babu allo a ciki, babu kilabiye, babu linzami, babu manet. Haka ne. In ba ka da su, to ba jika 400 gare ka ba na inji, 320 ne ko ƙasa, kuma gara ka sani yau da ka sani ranar da aka gama haɗawa babu abin kallo. Farashi na canzawa daga shago zuwa shago da mako zuwa mako, don haka rabon ne abin riƙewa, ba lambobin ba.

A furosesa, yaudarar da ta fi cin mutane ita ce kalmar "i7". Core i7-2600 na 2011 ne, i7-3770 na 2012. Core i3-12100 na 2022 ya fi su nesa. Lambobin farko bayan ɗan layin su ne ke faɗin zuriya, su ake dubawa kafin 3, 5 ko 7. A Intel, in suna ya ƙare da F, kamar i5-12400F, babu hoto a cikinsa, ba zai nuna komai ba sai da kati. A AMD, wanda ya ƙare da G, kamar Ryzen 5 5600G, yana da nasa hoton a ciki. Wannan hanya ce mai kyau ga wanda kuɗinsa bai kai ba: ya haɗa inji da 5600G, ya fara aiki da wasanni marasa nauyi, in Allah ya hore bayan wata shida ya ƙara kati. Ya fi cin bashi. Gurbin AM4 na AMD da ya fito tun 2016 har yanzu shi ne abokin talaka, domin yana amfani da DDR4 kuma kayansa na hannu sun yawaita. AM5 na 2022 ya fi gaba, amma DDR5 kaɗai yake karɓa. Wanda aka kawo wa Core i7 ko i9 na zuriya ta 13 ko ta 14 na hannu kuwa ya yi hattara: a 2024 Intel da kansa ya amsa cewa wasunsu na lalacewa saboda yawan wutar da suke nema, ya fitar da gyara ya ƙara garanti da shekara biyu, amma gyaran ba ya warkar da wanda ya riga ya ji ciwo.

RAM giga 16 ya isa, kuma sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 gudu, musamman ga mai hoto a cikin furosesa. Sai dai a ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin da ke gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe abin da masana'antu ke fitarwa. Har kamfanin Micron ya sanar a watan Disamba cewa zai daina sayar da kayan Crucial ga jama'a. Wanda ya ga farashi ya ninka kada ya ɗauka ɗan kasuwar unguwarsu ne kaɗai ya cuce shi. Abin da ya rage sauƙi shi ne RAM na cikin kayan da ba su cika lalacewa ba, na hannu ma yana yi, in an gwada shi da MemTest86. SSD kuwa wajibi ne, aƙalla giga 500, domin wasa ɗaya kamar Call of Duty na iya cin sama da 100.

Kasuwar okaziyo ita ce kasuwarmu ta gaskiya, kuma babu abin kunya a ciki. Amma a nan ne ake yi wa rogo kallon kitse. A watan Satumbar 2022 tsarin Ethereum ya daina haƙar kuɗi da katunan hoto, sai dubban katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, wasu an wanke su an sake musu kwali. Ba duka ne matattu ba, amma fankokinsu da man sanyayarsu sun gaji. Akwai kuma jabu tsantsa: tsohon GTS 450 na 2010 da aka canza wa suna a ciki ya koma GTX 1050 Ti, Windows ma ya nuna sunan ƙaryar. Akwai RX 580 mai laƙabin 2048SP, wanda a gaskiya ajin RX 570 ne. Akwai GT 1030 iri biyu, mai DDR4 na da kusan rabin ƙarfin mai GDDR5, suna ɗaya, kwali ɗaya. Sai GT 730 da ake tallata shi da "giga 4" kamar wani abin kirki. Yawan giga girman tire ne, ba yawan tuwo ba.

Maganin wannan kyauta ne, kuma yana shiga kile USB ɗaya. GPU-Z na faɗin ainihin abin da ke cikin kati, har yana rubuta gargaɗi in ya gane jabu ne. FurMark na matsa masa lamba. A bar shi minti 20 zuwa 30 ana kallon zafi da ko hoto zai tsattsage. CrystalDiskInfo na nuna awa nawa SSD ya yi yana aiki da sauran lafiyarsa. H2testw na tona asirin wanda aka rubuta masa tera 1 alhali cikinsa bai kai ba. Duk mai sayarwa da ya hana a gwada, ya riga ya ba ka amsa.

Ga masu tsohuwar kwamfuta, sau da yawa ƙari ya fi sabon gini. Injinan ofis da ake sauke mana daga Turai, Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre, an ƙera su da ƙarko. SSD da ƙarin RAM na tashe su daga barci, kati kamar GTX 1650 mai wat 75, wanda yawancinsa ba ya neman ƙarin waya, na mayar da su abin wasa. A dai duba biyu: akwatin wutarsu ƙarami ne kuma sau da yawa wayoyinsa na kamfanin ne kaɗai, ba a musanya shi da na kasuwa, siraran cikinsu kuma sai gajeren kati. Akwai kuma iyakar da ba a tsallakewa. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na neman TPM 2.0 da furosesa daga zuriya ta 8 ta Intel ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wasanni irin su Battlefield 6 da Call of Duty: Black Ops 7 na neman a kunna Secure Boot kafin su buɗe. Zuba kuɗi masu yawa a injin da ya girmi wannan iyaka kamar yi wa gidan haya bene ne.

Za mu faɗi abin da masu son haɗa inji ba sa son ji. Ga mutum da yawa, kwamfutar tebur ba ita ce amsar ba. Wanda ƙwallo kaɗai yake so ya buga da abokai, PS4 na hannu zai biya masa buƙata da ƙasa da rabin kuɗin, kuma masu gyaransa sun fi yawa a garuruwanmu. Ɗalibin da ke tsakanin ɗakin kwana da aji a jami'ar Abdou Moumouni ko Dan Dicko Dankoulodo, kwamfutar hannu ta fi masa, domin allonta da batirinta na jikinta, wuta ta tafi aiki bai tafi ba. Aibinta shi ne ta fi jin zafi, ba a canza mata katin hoto, kuma katin da ke cikinta bai kai na tebur mai suna iri ɗaya ƙarfi ba. Kwamfutar tebur ta wanda ke da wurin zama tsayayye ce, wanda kuma ke da niyyar ci da ita.

Ga ƴan'uwanmu da ke waje, ku ne kuka fi kowa dama, ku ne kuma aka fi yi wa asara. Euro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka lissafin wanda ke Faransa ko Beljiyam a fili yake: euro 300 kusan jika 197. Ku aiko abin da yake ƙarami mai tsada, furosesa, RAM, SSD, katin hoto. Kwango, allo da ondiler a saye su a gida, nauyinsu zai cinye kilo 23 na jirgi, allo kuma ba ya son hanya. Kafin kaya su taso, a haɗa su a kunna su a can, domin garantin shekara biyu na Tarayyar Turai gaskiya ne amma ba ya zuwa Tasawa. Sai an mayar da kayan inda aka saya, kuma wa zai kai? In uwar allo B450 ce za a sa mata Ryzen 5000, a sabunta mata BIOS tun can, in ba haka ba tana iya ƙin tashi. In inji ne haɗaɗɗe, a cire katin hoto da babban abin sanyaya a naɗe su daban, don girgizar hanya na karya gurbinsu. Masu aikowa daga Amurka su tuna can wutar 120 ce, tamu 220. Sababbin akwatunan wuta na karɓar duka biyun, amma tsofaffi na da ɗan jan maɓalli a baya, in an manta shi a 115 ƙara ɗaya za a ji. A riƙe faktir saboda duwan. Abu na ƙarshe, ku tambayi ƙanen me zai yi da injin, ku kuma tambaye shi ko ya tanadi regilater. In ya ce a'a, ku fara aiko kuɗin wannan.

Hanyar kaya ma ta canza. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, abin da ke biyowa ta Kwatano ya koma zagayowa ta Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo da tsada, kuma mai saye ne ke biya. Ga mutanen Maraɗi da Damagaram, Kano ta fi Yamai kusa, shi ya sa da yawa ke leƙa Farm Centre ko su yi oda daga Computer Village na Ikeja. Akwai zaɓi, wani lokaci akwai sauƙi in naira ta faɗi. Amma wanda ya tura kuɗi ga mai shafin Instagram da bai taɓa gani ba, kifi ya saya a ruwa.

Kada kuma a zargi inji da laifin intanet. Sabobin yawancin wasanni suna Turai ne ko Afirka ta Kudu, mu kuma ba mu da teku, sai saƙo ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya shiga wayar ƙarƙashin ruwa. Jinkirin da ke sa a harbe ka kafin ka ga abokin gaba, babu katin da ke maganinsa. Zuwan Starlink a 2025 ya buɗe wata ƙofa ga masu hali, amma kuɗin wata ne da ya kamata ya shiga lissafi tun farko, kamar yadda kuɗin forfe na Airtel, Moov ko Zamani zai shiga in za a sauke wasa mai giga 100. Wutar ma haka: inji mai wat 300, awa biyar a rana, kilowat 45 ne a wata a kan kwantar gidan da wataƙila ba kai ke biya ba. Masu sauke wasannin sata daga kowane shafi su sani cewa ta nan ake cusa ƙwayoyin da ke kwashe lambobin sirri na Facebook da imel. Masu mafarkin zama zakaru kuma, gaskiya ne wani yaro ɗan shekara 16 ya ci dala miliyan 3 a gasar Fortnite ta 2019, gasar Riyad ta 2024 kuma ta raba sama da dala miliyan 60, amma hanyar da ta fi kusa da mai da kuɗin injin ita ce bidiyon suna da ɗaurin aure na unguwa.

Muna da magana da hukuma. Ana yawan jawabi kan matasa da fasahar zamani, amma SSD da RAM na shigowa ne da harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kuɗin duwan, kamar kowane kayan ƙawa. Ya kamata a duba sassauci kan sassan kwamfuta, ko aƙalla a wallafa abin da ake biya a fili, da Hausa da Zabarmanci ma, don matafiyin da ya riƙo kati ɗaya ga ƙanensa ya san haƙƙinsa kafin ya iso Ɗan Isa ko filin jirgin Diori Hamani. Cibiyoyin koyon sana'a da jami'o'in Tawa, Maraɗi da Damagaram su ɗauki gyaran uwar allo da katin hoto da muhimmanci. Yau kati na mutuwa saboda ɗan ƙaramin abu da bai kai jika ɗaya ba, a jefar da shi don babu mai kayan aikin da zai ciro shi.

Ƴan kasuwarmu kuma, masu gaskiya a cikinku su ne suka fi yawa, kuma su ne jabun ƴan kaɗan ke ɓata wa suna. Abin da muke nema bai fi ƙarfinku ba: tebur ɗaya a shago da allo da waya inda mai saye zai gwada kaya, a faɗa masa sabo ne ko na hannu, a kuma ba shi faktir mai ɗauke da lambar jikin kayan da adadin kwanakin da zai iya dawo da shi, ko da bakwai ne.